Wa Zai Juya Inna?

Lahadi, 3 ga Agusta

Na dawo daga coci raina a ɓace, har yanzu bai sauka ba. Fasto ya ƙarar da wa'azinsa kaf a kan cewa aikin kirki ba ya sayen ceto. Wai ko mutum ya ƙare rayuwarsa yana goyon marasa lafiya a bayansa, ba wannan ne zai shigar da shi Mulkin Sama ba, alherin Allah ne kawai ta wurin bangaskiya. Da ya zo kan maganar marasa lafiyan, Allah shaida, wajena ya kallo.

Ni fa da sassafe, tun kafin ya ɗaura taye, ina ɗakin Inna. Inna maƙwabciyarmu, matar Baba kafinta, wadda ɓarin jikinta ya shanye tun farkon shekara. Na yi mata wanka, na canja zanin gado, na juya ta, na zo coci a guje hannuna yana warin sabulun asibiti, na raɓa a bencin baya don na makara. Sai kuma in zauna a gaya mini duk wannan ba komai ba ne.

Shugabar matan cocinmu, wadda nake kira Lasifika a raina (da kuma a nan), ita ta fi kowa ɗaga murya. "Amin! Faɗa musu, Fasto!" A faɗa wa su wa? Ita da ko tsintsiya ba ta taɓa ɗauka a gidan Inna ba.

Na gaya wa Baban yara a hanya. Ya ce kowa ya ji wa'azi sai ya ga kamar shi ake kallo, shi ma ranar da aka yi na masu barci a coci haka ya ji. Na ce ai kai barcin kake yi. Ya ce to shi ya sa.

Litinin, 4 ga Agusta

Bayana. Kamar an kwana ana duka na.

Bari in rubuta abin da "ba komai ba" yake nufi, ko don ni kaina. Nas ɗin da ke zuwa duba ta ta ce mai kwanciya irin ta Inna, in aka bar shi a gefe ɗaya, fatar sai ta mutu ta buɗe ta zama gyambo. Don haka safe, rana, yamma, da kafin barci, sai na zare dutsen guga daga wuta, na ja ƙofar shagon wankina, na tsallaka titi. Akwai ɗan zani da nake ninkewa biyu in shimfiɗa a ƙarƙashinta daga kafaɗa zuwa cinya. Da shi ake ɗaga ta, ba a jan ta, ja yana saɓule fata. Aikin mutum biyu ne, kowa ya kama bakin zanin ta gefensa. Amma hannun Baba rawa yake yi, iyakarsa ya tallafi kanta yana ta "sannu, sannu." Sai in ɗora gwiwa a kan gado in yi na mutum biyu. Matashi a bayanta, ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya ƙarƙashin ƙwauri don kada diddige ya taɓa katifa. Sai in bi zanin da tafin hannu, don ko ƙaramin yamutsi ɗaya ya isa ya ci fatar tsohuwa. Sannan in murza mata yatsun hannun da ya shanye, ɗaya bayan ɗaya.

Duk watannin nan ko ƙwarzane babu a bayanta. Nas da bakinta ta yaba.

Ba wanda ya sa ni. Lokacin da mahaifiyata take ciwon ajali, Inna ce ta yi mata duk wannan, ni ina gefe ina kuka ban san ta inda zan kama ba. Kuma ba mu kaɗai ba. Duk cocin nan, wanda ciwo ya kwantar masa da mutum, Inna ake kira. Yau ɗanta yana can wata uwa duniya, sai waya: "Allah ya saka miki, Yaya." Sauran kuma da ta wanke wa iyaye, shiru kake ji.

Laraba, 6 ga Agusta

Matan addu'a sun zo duba Inna. Sun zo da kyau, ɗinki iri ɗaya, turare kamar za a biki. Kuma sun zo daidai lokacin da ta ɓata jikinta, kafin in tsallako. Kowa ya ji, ba wadda za ta ce ba ta ji ba. Suka jeru daga bakin ƙofa zuwa bango, suka yi waƙa, Lasifika ta ja addu'a doguwa har da buga ƙafa. Ɗaya daga cikinsu hankici a hanci take cewa amin. Inna tana kwance a ciki ta runtse ido, hawaye yana shiga mata kunne. Ni na san na kunya ne. Su suka ce Ruhu ne ya taɓa ta.

Ina tsaye da bokiti a hannu ina jira su gama. Da za su fita Lasifika ta dafa kafaɗata: "Ƙanwata, ke Allah ya ba ki baiwar hannu, mu kuma ya ba mu ta gwiwa."

Ta gwiwa! A tsaye ma suka yi addu'ar.

Alhamis, 7 ga Agusta

Na ƙone wuyan rigar wani malami da guga. Ina ta faɗa da Fasto a zuciyata ne.

Asabar, 9 ga Agusta

Na je na same shi a ɗan ofishinsa na bayan coci. Yaro ne fa, da kaɗan ya girmi ɗan farina, amma na gaishe shi yadda ya kamata kafin in sauke masa. Na ce Fasto, in aiki ba komai ba ne a gaya mini in huta, bayana ya gaji.

Ya ce, "Mama, ban ce ba komai ba ne. Cewa na yi ba shi ne kuɗin shiga ba. Itace mai rai dole ya yi 'ya'ya, amma ba 'ya'yan ne suke ba shi rai ba."

Na ce to itatuwan cocinka ganye kawai nake gani, ganye da surutu. Ya yi dariya. Dariyar ta ƙara ƙona mini rai, don ba wasa na zo yi ba. Na ce mata biyu kawai nake so, su riƙa karɓa ta ko da rana ce. Ya ce zai yi sanarwa gobe, amma ba zai tilasta kowa ba, abin da ba daga zuciya ya fito ba ba ya ɗorewa. Sai ya fara wata magana, wai wa'azin nan yana da dalilinsa, sai dai ba a ba shi izinin faɗa ba... Ban tsaya ji ba. Na ce na gode, ina da kaya a jiƙe a baho.

Lahadi, 10 ga Agusta

Cikin fushi nake rubutun nan.

Sanarwar ya yi, tsakanin ta gyaran rufin coci da ta wanda ya yar da makulli. Ba wadda ta ɗaga hannu. To wannan na sa rai da shi. Abin da ban sa rai da shi ba shi ne lokacin ba da shaida. Lasifika ta fito gaba ta karɓi abin magana (kamar tana bukatarsa) ta ce ranar Laraba, suna cikin addu'a, da idonta ta ga yatsan Inna na hannun da ya mutu ya motsa. Coci ya ɗauki tafi, har da masu rawa.

Yatsan da na shafe watanni ina murzawa! Tun watan jiya yake motsi, ni da Baba muka fara gani, muka yi kuka tare, ba wanda ya tafa mana.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce tunda addu'a ce ke motsa yatsa, to daga gobe ta juya sauran jikin ma. Na naɗe hannuna. Masu bangaskiya su karɓa, mu ga yadda bangaskiya take wanke zani. Baban yara yana jan gefen zanina ina fizgewa. Lasifika ta dube ni, fuskarta ta canja, ta ce a hankali (karo na farko a rayuwarta), "To, mun karɓa."

Da muka shiga gida Baban yara ya ce, "Ke da su kike faɗa, amma wa za a bari a kwance?" Na ce ai sun karɓa, a gaban kowa suka karɓa.

Litinin, 11 ga Agusta

Ban je ba.

Su huɗu suka shiga da safe, ina kallo ta tagar shago. Na ji waƙa. Na gama gugar da ta taru mini tun makon jiya. Bayana ya huta, ba ƙarya.

Da yamma Baba ya tsallako, ya tsaya a bakin shago da hularsa a hannu. Ya gaishe ni, ya tambayi yara, ya tambayi aiki. Bai ce komai game da ita ba, ni ma ban tambaya ba. Na miƙa masa wankakkun zannuwa uku a goge. Wannan ai sana'ata ce, ba komawa na yi ba.

Laraba, 13 ga Agusta

Jiya biyu, yau ɗaya. Na faɗa. Sai dai wadda ta rage ɗin Lasifika ce, abin da ban zata ba. Tana zuwa tun safe, ba ta fita sai rana ta karkata, yau har na ga ta fito bayan gida ta yi amai a magudana, ta wanke baki ta koma. Ɗinkin bikin ya kau, tsohon zani take ɗaurawa.

Don dai a ce ta yi ne. Na santa.

Sau da yawa ƙafata tana kai ni bakin ƙofa lokacin juyi, sai in tuna in dawo. Baban yara ya ce tabarmar bakin shagon za ta ƙare.

Juma'a, 15 ga Agusta

Baba ya kawo zannuwa. Duk maiƙo, shatin mai ko'ina, ƙanshin man zaitun ɗin da suke shafa wa mutum a goshi in ana addu'a. A tsakiyar ɗan zanin juyi kuma akwai wani tabo, ruwa-ruwa, da ɗan ja a gefensa.

Na san mene ne. Na daɗe ina kallonsa.

Na tambayi Baba ko lafiya, ya ce da sauƙi, Shugaba tana ƙoƙari sosai, Allah ya saka mata. Da ya ce 'yata ki zo, da na bi shi a take. Bai ce ba. Ita ma mai bakin ba ta tsallako ta ce ƙanwata nuna mini ba. Taku nawa ne tsakaninmu? Girman kai ne kawai irin nata.

Na jiƙa zanin da ruwan zafi. Man bai fita ba.

Asabar, 16 ga Agusta

Baba ya zo ba hula, ba gaisuwa. "Jikinta zafi, 'yata." Na bar dutsen guga a kunne, Baban yara ne ya kashe.

Na same ta a zaune, an jingina ta da kan gado. A zaune! Duk nauyinta a kan ƙashi ɗaya na ƙasan baya. Wai tun Litinin haka suke yi mata daga safe har rana, don ta shiga waƙa da su, wai yawan kwanciya ai shi ke kashe mutum. In ta zame sai Lasifika ta kama ta ta hammata ta ja ta sama a kan zani. Da wurin ya yi ja sai ta tsiyaya man shafewa ta dinga murzawa da ƙarfi tana addu'a, safe da yamma. Na kwantar da ita na ɗaga riga. Ya buɗe. Faɗinsa ya kai murfin kwalba, tsakiyar ta yi baƙi, ga wari. Bayan da na riƙe wata da watanni kamar na jariri.

Ban san abin da ban faɗa wa matar nan ba. Na ce kin kashe ta da addu'arki. Na ce mai na goshi ne, wa ya ce ki cuɗa miki da shi? Tana tsaye ta haɗa hannu, hawaye kawai. Ta rame a 'yan kwanakin nan, tana tafiya tana dafe ƙugu.

Baban yara ya ɗauko nas. Ta wanke, ta yanke mataccen naman, Inna tana nishi, ta sa bandeji, ta yi allura. Sannan ta cire safar hannu ta ce ai ke ce ke juya ta da, ko? Na ce ni, har da ɗan ɗaga kai. Ta ce me ya hana yanzu. Na fara bayanin coci, ta katse ni: "Ba ruwana da cocinku. Kafin ki daina, kin nuna musu yadda ake yi?"

Ni! Ni za ta titsiye a gaban mutane! Ni da na...

Sai ga Lasifika: "Laifina ne, nas, ni ban tambaya ba." Wannan ma ya fi ba ni haushi. Ko laifin ma sai ta riga ni ɗauka.

Nas ta ce in zazzaɓin bai sauka ba sai asibiti, kuma a shekarunta irin wannan gyambon yana iya shiga jini. Ta ce daga yau mutum biyu za su riƙa ɗagawa, ba gwiwa a kan gado, ba dabara.

Lahadi, 17 ga Agusta

Ban je coci ba. Su sha wa'azinsu.

Na yini a wurinta, ina jiƙa tawul ina ɗora mata. Wajen la'asar zafin ya ɗan sassauta, ta buɗe ido, ta daɗe tana kallona. Maganarta tun ciwon nan a karkace take fita, sai ka kai kunne. Na zata za ta ce ina kika shiga. Da ta faɗi hakan ma da ya fi mini sauƙi.

Cewa ta yi, "Ki bar yaron nan." Na ce wane yaro? Ta ce Fasto. "Ni na roƙe shi."

Da kyar, da hutawa, Baba yana cike mata inda ta kasa, na haɗa labarin. Ranar da Fasto ya kawo mata Jibin Ubangiji, gurasar tarayya ta coci, a watan jiya, ina shago lokacin, ta tambaye shi abin da yake hana ta barci. Wai ita duk rayuwarta da hannu ta san Allah. Wanki, jinya, ɗauke wannan, kai wancan. Yanzu ƙuda ya sauka a fuskarta sai ta jira wani ya kore shi. To har yanzu Allah yana lissafi da ita, ko ta zama kayan da aka gama amfani da su? Ya amsa mata da maganar nan ta alheri, ta yi barci ranar. Sai ta ce masa ya faɗa a coci, don ba ita kaɗai ce a kwance ba, amma kada ya ambaci sunanta. Baba ne yake zuwa ya ji ya dawo ya maimaita mata, yana mantawa da rabi.

"In da aiki ne, 'yata," in ji ta, "ni yanzu ina nake?"

Na matse tawul.

Can kuma, har na zata ta yi barci: "Da na wanke uwarki... ba sayen komai na je yi ba. Ina son ta ne."

To me ya sa ba wanda ya gaya mini? Shi Baba yana da baki. Shi Fasto ya bar ni ina ta zuba a ofishinsa yana dariya. (Ya fara faɗa. Na sani. Amma ai da ya ɗaga murya.) Kowa ya sani sai ni, aka bar ni na tashi a tsakiyar coci na yi abin da na yi.

Kuma har yanzu ban janye ba: wanda ya ce yana da bangaskiya ya tsaya a bakin ƙofa da hankici a hanci, ni ban ga bangaskiyar ba. Wannan ko Inna ba za ta sa in janye ba.

Litinin, 18 ga Agusta

Lasifika ba ta zo ba. Sauran kuma ko inuwarsu. Baban yara ya ce shi zai kama, Inna ta girgiza kai, kunya. Na lallaɓa ni kaɗai yadda nas ta hana, Inna ta yi ƙara, bandejin ya goce. Na fita waje na zauna a kan bokiti na yi kuka na haushi.

Talata, 19 ga Agusta

Na je gidanta. Ni da ƙafata.

Na same ta a kwance a falo, labule a sauke, ko rediyo babu. Ta tashi za ta fara ba ni haƙuri, na ce Yaya, ba haƙuri na zo karɓa ba, ba kuma shi na zo bayarwa ba. Zanin nan baki biyu gare shi, ni ɗaya zan iya kamawa.

Ta ce tana tsoron taɓa ta, hannunta ɓarna yake yi. Ta ce ita tun tana yarinya in ta ga miki ko ta ji wari sai cikinta ya juya, shi ya sa take tsayawa a bakin ƙofa, addu'ar ce kawai abin da ta iya. "Da kika faɗi maganar nan a coci na ji kunya ta kama ni har ƙafa. Na ce ko zan mutu sai na yi." Na ce to me ya hana ki tambaya? Ta ce ta zo bakin titi sau da yawa, sai ta hango fuskata ta taga.

Me fuskata ta yi?

Na ce ta ɗauko tsohon zaninta, ta bar kwalbar man a gida.

Alhamis, 21 ga Agusta

Matar nan za ta kashe ni. Na nuna mata: ki naɗe bakin zanin a hannu har kusa da jikinta, ki buɗe ƙafa, ki durƙusa kaɗan, in na ce ɗaya, biyu, uku sai mu ɗaga tare. Amma ita ba ta iya kama komai ba tare da addu'a ba. Ina ƙirga tana "Ya Uba mai jinƙai, kai da ka san kowane ƙashi na baiwarka," in na kai uku ita tana tsakiyar jimla, in ɗaga ni kaɗai, Inna ta karkace. Na ce ki yi shiru ki ƙirga! Ta yi shiru, sai fuskarta ta yi fari, ta ruga waje.

Baba ne ya raba gardamar, daga inda yake riƙe da kai. Ya ce, "To ku ɗaga a kan amin mana." Ta yi addu'arta, gajera, in ta zo ƙarshe mu ce amin tare mu ɗaga.

Na ce wannan wane irin shirme ne. Muka gwada. Inna ta tashi sumul kamar ba nauyi, ta sauka a gefenta ko nishi babu. Haushi ya kama ni. Dole fa sai na faɗi amin ɗin da ƙarfi, in ba haka ba ba ta sanin na shirya.

Asabar, 23 ga Agusta

Zazzaɓi ya sauka gaba ɗaya. Nas ta ce ba sai an je asibiti ba. Ta ce gyambon zai daɗe, wataƙila ma ba zai rufe duka ba. Ba ta kalle ni ba da ta faɗa, amma na ji.

Na yi wa Lasifika gargaɗi: addu'ar juyi ba ta wuce numfashi biyu, tsohuwa tana jira, ba taron farkawa muke yi ba.

Lahadi, 24 ga Agusta

Na je coci, bencin baya. Fasto ya sake sanarwar, wannan karon kafin ta rufin coci. Hannu biyu suka tashi, ɗaya ta mai hankici ce. Za mu gani. Bayan an tashi ya nufo ni zai yi magana, na ce Fasto, in kana da lokaci ranar Laraba ka zo, katifar tana son a fitar da ita rana, kuma da nauyi. Ya ce zai zo. Na ce ka bar tayen a gida.

Laraba, 27 ga Agusta

Ya zo. Bai iya ɗaukar katifa ba, ya bugi ƙofa da ita har sau nawa, amma ya zo.

Da nas ta buɗe bandeji yau, gefen mikin ya yi ja mai kyau, baƙin ya tafi, ya ɗan tsuke. Kaɗan ne, amma ya tsuke. Lasifika ta ɗaga hannu sama: "Kun ga aikin Allah! Shi kaɗai ya yi!" Na buɗe baki, amsar tana kan harshena: wa yake goge zanin, wa yake tsallako titi, wa ya koya miki riƙo? Sai na ga Inna tana kallona ta gefen ido, yatsan nan nata yana motsi a kan matashi. Ita da ba ta yi komai ba sai kwanciya, ta bari aka ɗaga ta.

Ba zani a hannuna, ba abin ɗagawa, nas ma ba ta gama ba. Na ji bakina ya ce amin.

Sabo ne kawai. Gobe sai na sayo wani matashin, na tsakanin gwiwa ya lotsa.